Ƙyauren Ƙarfen da Yayana Ya Kai Kan Dutse

Yayana kwado yake sayarwa a kasuwar Suk al-Shabi, a nan Sudan. Kwado, sakata, sarƙa, makulli, duk wani abin da ake hana mutum shiga wuri da shi, a shagonsa za ka samu, jere har rufi. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, har ta shige masa jini. Idan ya zo gidanka gaisuwa, kafin ya tambayi iyali zai gaya maka sakatar ƙofarka jabu ce. Na fara da wannan ne don kada a ɗauka mugunta ce ta sa shi yin abin da ya yi. Shi dai mutum ne da bai taɓa ganin ƙofa a buɗe hankalinsa ya kwanta ba.

Ni ce ƙanwarsa. Bayan rasuwar mijina na dawo gidanmu na unguwar Alsawra a Umdurman, da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina kula da Inna. Gidan nata ne, Baba ya bar mata. Yaya da matarsa da 'ya'yansu suna sashen gaba, ni da ita muna ciki. Abin da zan faɗa ya faru 'yan shekaru kafin yaƙin nan ya watsa unguwa, lokacin da babbar damuwarmu ita ce ɗaukewar wuta da awakin maƙwabta.

Can a yankin Kurdufan akwai wani dogon dutse, wanda yanzu gwamnati ta killace ta mayar gandun daji, da ma'aikata masu kaki suna tsaron itatuwa da birai. A kan hanyar ƙafa da ta ratsa dutsen, nesa da kowane ƙauye, akwai ɗaki guda na duwatsu. Mutanenmu ne suka fara aza shi, alhazan ƙafa, waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa suka nufi Makka suna bin inda ruwa yake. Kakanmu, mahaifin Inna, yana cikin irin wannan ayari zazzaɓi ya kama shi, ya yi ta ja baya har ya ɓace wa abokan tafiya. Da rarrafe ya isa ɗakin, ana ruwan sama. Bai sami kowa ba, amma ya sami randa cike da ruwa, da busasshen itace a lungu, da ƙyastu a kan dutse. Da ya warke bai wuce ba sai da ya ta da bangon da ya zube ya sake rufi. Daga nan gonakin yankin Jazira suka riƙe shi da tsinkar auduga, bai ga Makka ba sai da furfura.

Ƙa'idar ɗakin ba ta da yawa. Wanda ya kwana, kafin ya tafi ya cika randa, ya bar itace don mai zuwa bayansa. Sannan ɗakin yana da ƙofa, amma ba a sa masa ƙyaure. Haka kakanmu ya same shi, haka ya bar wa Inna wasiyya a tabbata yana nan, tunda ba shi da gonar da zai bar mata.

Sau ɗaya na je, ina budurwa, lokacin gwiwoyin Inna suna aiki. Ba zan yi ƙarya in ce wurin ya burge ni ba. Ɗaki ne gajere, sai ka sunkuya za ka shiga, rufinsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, yana warin awaki, ƙuma kuwa ta yi biki a jikina. Dutsen bakin ƙofar ya yi santsi don takawa. Makiyaya ne ke kwana a ciki yanzu, da masu ɗiban ƙaro, da mata masu tsintar tsamiya da kuka idan hadari ya tare su, wani lokaci har ma'aikatan gandun. Maɓuɓɓugar ruwan tana can ƙasa cikin kwazazzabo, hanyar duk tsakuwa mai zamewa. Ina zaune ina susa ina gunaguni, Inna ta yi ta sauka tana hawowa da garwa a ka har randar ta cika, ta mayar da faifan dutsen da ake rufe ta da shi. Ban taɓa ganin fuskarta a sake kamar ranar ba.

Baba ya riƙa zuwa duba ɗakin har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙanin Inna ya karɓa, shi ma Allah ya yi masa rasuwa. Daga nan aka ɗauki shekaru ba wanda ya leƙa a cikin danginmu. Inna ba ta yin maganar, amma duk damina idan hadari ya haɗo sai ta zuba masa ido, ni kuma na san inda hankalinta ya tafi.

Yaya kuwa bai taɓa taka dutsen ba. Duk lokacin da aka yi masa tayi sai ya ce shago. Dole in faɗi yadda suke da Inna, don a gane abin da ya biyo baya. Shi ne ɗan farinta, ita kuma irin matan da ne masu alkunya: ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Idan za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Abu ɗaya ne ke shiga tsakaninsu. Kullum da safe kafin ya fita kasuwa zai zo ya durƙusa a bakin gadonta ya gaishe ta, ita kuma ta ce, "Allah ya yi maka albarka," tana kallon bango. Tun yana tallan ƙusa a tire yake karɓar wannan kalma, kuma duk cika bakinsa na san ita ce jarinsa na gaske.

Wata rana wani abokin cinikinsa ya nuna masa hoton ɗakin a waya. Wasu ɗaliban jami'a ne suka hau dutsen yawo, suka ɗauka, suka rubuta da Larabci cewa kayan tarihi ne na alhazan ƙafa, ga shi rufin ya fara zubewa, jama'a kuma suna ta yabo a ƙasan hoton. To fa. Ɗakin da shekara da shekaru Yaya ke kira "kangon nan na Inna", a yini guda ya koma "gadon kakanninmu".

Ya kafa kwamiti, shi ne shugaba, wa zai ja da shi tunda a gidanmu ake shan shayi. Duk Juma'a bayan la'asar sai su cika ɗakin baƙi, manyan 'yan kasuwa da fararen jallabiyoyi da rawuna, ni da matarsa muna ta fama da butar shayi da ta gahawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa hawa abin da ya fi benen banki tsawo. Ta taga nake jin su suna gardama a kan launin fenti. Aka naɗa mataimakin shugaba, aka naɗa mataimakin mataimaki, don kada wani ya yi fushi. Wadda ta san ɗakin kuwa tana kwance, bango ɗaya ne tsakaninsu, ba wanda ya ce a tambaye ta. Wai kada a wahalar da tsohuwa, a bari a ba ta mamaki.

Ana gobe za su tafi na tare shi a tsakar gida. Na ce, "Yaya, rufi kawai za ku gyara ko?"

Ya ce, "Ke dai ki zuba ido."

Na ce, "Ka dai san ƙa'idar wurin."

Ya yi dariyar nan tasa ta mai shago da ya ga ɗan ƙauye. Ya ce, "Wace ƙa'ida? Talauci ne kawai. Mutanen da ke tafe da ƙafa ina suka ga halin yin ƙyaure? Yanzu Allah ya rufa mana asiri."

Na ce a raina surutu ne, wa zai ɗauki ƙyaure ya hau wancan dutsen. Ashe tuni wani mai walda a Umdurman ya gama ƙera shi, kuma daga can aka wuce da shi tasha kai tsaye aka ɗaure a saman bas, bai ko biyo ta gida ba.

Da suka dawo aka yanka rago, aka kafa rumfa a tsakar gida, aka gayyato rabin unguwa. Aka fito da Inna a kan gadonta na igiya, ta yafa farin mayafi, mata sun kewaye ta. Yaya ya miƙe ya yi jawabi, da Larabci, don a ganinsa Hausa ba za ta iya ɗaukar nauyin abin da ya aikata ba. Sannan aka fara zagayawa da waya ana nuna hotuna. Rufin dai sun gyara, in ba su haƙƙinsu, kuma rufin ne kaɗai ma'aikacin gandun ya yarje musu su taɓa. Amma da mutumin ya juya baya sai suka kafa abinsu. Ƙyaure ne na ƙarfe, kore shar, da furanni rawaya irin na gidan sabon ango, an dasa shi da siminti a tsakiyar tsofaffin duwatsun nan. A ciki sun shimfiɗa tabarmin roba, sun kafa agogon bango. Agogo, jama'a, a ɗakin da za a kulle a tafi. Hoton ƙarshe Yaya ne tsaye, bakinsa har kunne, hannunsa a kan wani ƙaton kwado, mafi tsada a shagonsa.

Daga nan aka kawo makullin a kan tire, an ɗaura masa jan ƙyalle, ya durƙusa ya miƙa wa Inna. Idanunta sun yi rauni, ba ta ga hotunan sosai ba. Ta shafa tiren ta ɗauki abin ta juya shi a hannu.

Ta tambaye ni, ba shi ba, "Makullin mene ne wannan?"

Na ce, "Na ɗakin dutse ne, Inna. An sa masa ƙyaure."

Ta yi ta juya makullin har mata suka fara kallon juna. Sannan ta ce, "Tambayi wancan, wa ke buɗe wa baƙo?"

Yaya ya gyara murya ya ce ai an yi tsari. Duk mai son kwana sai ya nemi makulli, kuma za a yanka wa kowane ɗan kwamiti nasa. Ya ce da can awaki ke shiga suna ɓata wurin, ga birai, ga ɓarayi. Ɓarayin me, oho, sai dai ko randa. 'Yan kwamitin nan kuwa duk cikinsu babu wanda gidansa ya wuce Umdurman da Khartum. Wato makiyayin da ruwa ya tare a kan dutse sai ya sauko, ya nemi mota, ya wuni a hanya, ya hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa Alsawra, ya yi mana sallama ya karɓi makulli.

Inna ta mayar da makullin kan tire. Ta ce a mayar da ita ɗaki, ta gaji. Baƙi suka ci naman suka watse, suna cewa farin ciki ne ya yi wa tsohuwa yawa.

Washegari Yaya ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ta amsa lafiya lau. Ya jira. Ta ci gaba da jan carbinta. Ya ƙara jira, har ya sake cewa, "Zan fita, Inna," ta ce, "To." Na ga ƙeyarsa lokacin da ya miƙe, jikinsa duk ya mutu. Yana fita ta aike ni in kira mata maƙwabcinmu mai gyaran ƙarfe. Mutumin ya zo da kayan aikinsa yana zaton famfo ne. Ta ce ya cire ƙyauren ƙofar gida ya jingine shi a bango. Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ta ce, "Gidana ne ko naka?" Ya cire.

Da yamma Yaya ya sauka daga raksha ya tarar da tsakar gidansa tana kallon titi. Ya shigo yana sababi, wa ya yi wannan, ina hankali. Inna ta ce mini, "Gaya wa wancan, ranar da na can ya fita, na nan zai koma."

Ban taɓa shan dariya a ɓoye irin ta watannin nan ba, Allah na tuba. Babban dillalin kwado na Suk al-Shabi, katan-katan na kwado jibge a ɗakin ajiyarsa, ga gidansa ba ƙyaure. Awakin Alsawra, waɗanda ko takardar siminti ba sa bari, suka mayar da mu gidan kakarsu. Sun cinye kuɓewar da muka shanya, sun cinye littafin ɗaliban ajina, wata ta shiga har ɗakin baƙi ta ci gefen rawaninsa. Wani mai raksha ya fara ajiye rakshar a inuwar zaurenmu da rana. Mu mata Inna ta yarda aka kafa mana zana daga ciki, amma bakin ƙofa ko labule ta hana a rataya. Yaya ya koma kwana a kan gadon igiya a gicciye a bakin ƙofar, da sanda a gefe, sauro na cin rabonsa. A kasuwa kuwa abokan sana'a suka samu abin yi. Mai sayen kwado zai zo su ce masa, "Je wurin wancan, nasa har sun yi masa yawa ya daina amfani da su."

Mai hankali da ya je ya cire abin nan a makon farko. Amma ina, an riga an yi jawabi, an watsa hotuna, ina zai kai fuskarsa gaban kwamiti. Sai ya koma aike. Ya turo limamin unguwa, Inna ta sa aka kawo masa shayi, ta tambaye shi hukuncin wanda ya ci amanar mamaci, liman ya shanye shayinsa ya yi sallama. Ya turo dattawa, suka fita suna cewa ai gaskiyarta. Daga ƙarshe ya zo da kansa da wata dabara da ya kwana yana saƙawa. Ya ce ya yarda, zai aika a cire kwadon, ko a kafa ƙusa a rataye makullin a gefen ƙofa, kowa ya zo ya buɗe. Ƙyauren dai a bar shi, don an sha wahala kafin a kai shi.

Ranar ce kaɗai na ji Inna ta yi doguwar magana a gabansa, ko da yake ni take kallo. Ta ce, "Mahaifina da rarrafe ya isa wurin. Da ya ga ƙyaure, ko a buɗe yake, sallama zai yi ya jira a ce ya shigo, don haka aka rene shi. Ba wanda zai amsa, sai ya kwanta a waje ya mutu da ladabinsa. Ƙyaure cewa yake wurin nan da mai shi. Ɓarawo ba ya jin wannan magana, mutumin kirki ne ke jin ta."

Yaya ya ce to, zai duba. Dubawar nan ta ci azumi, wai lokacin ciniki ne. Ta ci damina, wai hanya ta lalace. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa, kullum yana tashi da "to". Ya rame, ya daina wasa da yaransa, amma girman kai bai bar shi ba.

Da sanyi ya shigo jikin Inna ya rikice. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ko kunu sai da lallashi. Likita ya ce zuciya ce, a yi ta addu'a. A nan dariyata ta ƙare. Tsoro ya kama ni, ga na rashinta, ga kuma na abin da zai sami wannan wawan idan ta tafi ba ta buɗe baki ba. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, amma ciki ɗaya muka fito. Na same shi a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar gadonsa.

Na ce, "Yaya, kwamitinka ne za su tsaya maka ranar da za a fita da ita ta wannan ƙofar? Ko cire ƙyauren gida don makara ta wuce ba sai an yi ba, ta riga ta sauƙaƙa maka. Ka yi ta jira."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya sauke. Kafin mako ya zagayo ya tafi, da mataimakin shugaba da wani mai ɗaukar hoto, don ko tuba zai yi sai an ɗauka.

Suka dawo da ƙyauren a saman mota, fentin ya kakkarce, aka jingine shi kusa da na gidan. Yaya ya shigo ɗakin Inna ya zauna a ƙasa. Da farko muryarsa a sanyaye take. Ya ce sun tarar da kwadon yadda suka bar shi, ba wanda ya ko gwada fasa shi. Bangon waje, ta gefen da iska ba ta bugowa, ya yi baƙi da hayaƙi, ga toka wuri-wuri inda mutane suka riƙa kwana a fili. A bakin ƙyauren an tara itace an rufe da wani tsohon buhu. A jikin kwadon kansa wani ya rataye salka, da sauran ruwa a ciki. Ya ce da suka buɗe, tabarmin gara ta cinye gefensu, randa ta bushe ƙayau, agogon ne kaɗai ke aiki.

Hawaye suka gangaro wa Inna ta gefen ido har cikin kunne. Da a nan ya yi shiru da ya tsira da mutuncinsa. Amma Yaya ne. Ganin an saurare shi sai murya ta fara dawowa, ya shiga ba da labarin yadda aka fasa simintin, da yadda shi da kansa ya kama gefe guda aka sauko da ƙarfen, da yadda mutanen ƙauye suka yi ta sa masa albarka. Ya faɗi kalmar yana satar kallonta.

Inna ta bari ya gama. Sannan ta ce, "An cika randar?"

Ya ce ƙyauren da nauyi, masu ɗauka suna sauri, mota na jira a ƙasa, ruwan kuma da nisa. Ya ce ai duk wanda ya zo zai cika. Inna ta juya fuskarta bango ta ja mayafi. Na dube shi, da niyyar in faɗi abin da ke bakina, amma yadda na ga fuskarsa sai na haɗiye.

Da safe bai zo gaisuwa ba. Matarsa ta ce tun asuba ya fita, da tsohuwar jallabiya, ya ɗauki jarkar da muke ajiye ruwa idan famfo ya ɗauke. Bai buɗe shago ba, bai gaya wa kowa ba. Na shiga na gaya wa Inna.

Ta ce, "Da wa ya tafi?"

Na ce, "Shi kaɗai."

"Mai hoton fa?"

Na ce, "Ko wayarsa bai ɗauka ba, ga ta can a jikin caji."

Ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Kira mai ƙarfen nan ya mayar da ƙyauren gida."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Numfashinta yana sama yana ƙasa, ni kuma kunnena yana titi, duk rakshar da ta tsaya sai in fita in leƙa. Na yi ta zaginsa a zuci, mutum da tumbi da hawan jini, bai taɓa ɗaukar abin da ya fi katan ɗin kwado ba, ya je ya zame a kwazazzabo ya bar mu da makoki biyu. Na kuma yi ta roƙon Allah ya ba ta aron kwana har ya dawo.

Wata rana da azahar, rana tana dukan ƙasa, na ji an ƙwanƙwasa. A hankali, sau biyu, sannan aka yi sallama. Muryarsa ce, ta dushe. Ƙyauren ba a kulle yake ba, ko sakata ban sa ba, turawa kawai zai yi. Gidan da aka haife shi ne, matarsa da 'ya'yansa suna ciki. Amma ya tsaya. Na miƙe da sauri zan fita, Inna ta riƙe mini gefen zane, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Ta ce, "Bar shi tukuna."

Muka zauna muna ji. Ya sake sallama. Ya ƙara ta uku, bai taɓa ƙyauren ba. Sannan ta sake ni ta ce, "Je ki ce ya shigo."

Na buɗe na same shi tsaye cikin rana da jarka ba komai a ciki. Ya yi baƙi, leɓensa ya tsage, takalminsa ɗaya an ɗaure da igiya, kafaɗar jallabiyar ta manne da jini inda jarkar ta goge fata. Ya wuce ni ya shiga ya durƙusa a bakin gadon. Bai yi jawabi ba. Ya ce, "Ta cika, Inna. Na bar itace."

Inna ta juyo. Ta dube shi, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta ɗora hannu a kan furfurarsa mai ƙura ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ƙaton mutum, mai jikoki a hanya, ya kifa kai a kan igiyar gado yana kuka har kafaɗunsa na rawa.

Ni dai na wuce kicin na ɗora masa ruwan shayi. Ban so ya ga fuskata ba, kada ya ɗauka na daina raina masa wayo.